'Kwas ɗin da aka ba ni': Lokaci ya yi da jami'o'i za su gyara yadda ake bai wa ɗalibai shawara

Duk wanda ya saba hira da ɗaliban jami'a a Najeriya ya san amsa iri biyu da ake samu idan aka tambayi ɗalibi abin da yake karantawa. Wani zai ce, "Kimiyyar sinadarai nake karantawa." Wani kuma, ajinsu ɗaya, malamansu ɗaya, sai ya ce, "Kimiyyar sinadarai aka ba ni."

Na farko ya rungumi fannin, ya ɗauke shi nasa. Na biyu zaman haƙuri yake yi, jikinsa yana ɗakin lakca amma zuciyarsa tana wani sashen da bai samu shiga ba. Bayan shekara huɗu, wannan bambanci yakan bayyana a takardar sakamako, daga baya kuma ya bayyana a wurin aiki.

Masana harkar ilimi sun daɗe suna nazarin yadda ɗalibi ke kallon kansa a fagen karatu: ko yana jin ya cancanci kujerar da yake kai, ko yana ganin fannin nasa ne, ko yana iya hango kansa nan gaba a matsayin ma'abocin wannan ilimi. Ba a haihuwar mutum da wannan tunani. Yana ginuwa ne a hankali, daga makin da ɗalibi ya samu, da abokan da ya yi, da kuma abin da malamai suka faɗa masa.

A cikin malaman akwai mutum ɗaya da tsarin jami'a ya ɗora wa alhakin sanin halin da kowane ɗalibi ke ciki. Shi ne malamin da ke kula da aji, wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta, wasu jami'o'in kuma su ce mai ba da shawara. Abin takaici, a wurare da dama aikin ya koma sa hannu a takardar rijista kawai. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar sabon gini ko biliyoyin naira, kuma jinkirta shi yana jawo asarar yara masu basira a kowace shekara.

Yadda ake shiga da ƙafar hagu

Matsalar tana farawa tun daga ƙofa. A 'yan shekarun nan kusan mutum miliyan biyu ke rijistar jarrabawar shiga manyan makarantu ta Hukumar JAMB a duk shekara. Masu neman likitanci da shari'a da aikin jinya da haɗa magunguna sun ninka guraben da ake da su sau da yawa. Jami'a ba ta da ikon ƙara guraben yadda ta ga dama, domin hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i, kamar Majalisar Likitoci ta Najeriya da Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, su ke ƙayyade adadin da kowace makaranta za ta ɗauka.

Sakamakon haka, wanda ya nemi likitanci sai ya tsinci kansa a kimiyyar halittu ko ta tsirrai. Wadda ta nemi shari'a sai a tura ta tarihi ko nazarin harsuna. Tun da JAMB ta fito da tsarin CAPS a 2017, ɗalibi ne da kansa ke danna amincewa da gurbin da aka ba shi, amma kowa ya san amincewar dole ce. Wanda ya zauna jarrabawa sau biyu ko uku, ga iyaye sun gaji da biyan kuɗin fom, ba zai ƙi karɓar abin da ya samu ba.

Irin wannan ɗalibi yana shiga jami'a da rauni a zuciya. A gida ana gabatar da shi da cewa "bai samu likitanci ba". A makaranta yana jin manyan ɗalibai suna cewa kwas ɗin nan ba a samun aiki da shi. Idan babu wanda ya zaunar da shi a makonnin farko ya nuna masa abin da fannin ya ƙunsa, da inda waɗanda suka karanta shi suke aiki a yau, da ƙa'idar sauya sashe idan har ya nace, zai iya shafe shekarar farko yana karatu da rabin zuciya. Shekarar farko kuwa ita ce tubalin makin digiri gaba ɗaya.

Akwai kuma waɗanda su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a. Ɗan malamin jami'a ko ɗan babban ma'aikaci yana da wanda zai buga wa waya ya tambaya ko ya kamata ya ajiye wani darasi. Yaron da ya fito daga makarantar gwamnati a ƙauye, wanda rabin darussansa na sakandare da Hausa aka fassara masa su, ba shi da wannan gata. Yana jin nauyin ɗaga hannu a aji saboda Turancinsa, yana tsoron ƙwanƙwasa ƙofar ofishin malami. Idan ya faɗi gwajin farko, abin da ke zuwa masa a rai shi ne dama can wurin ba na irinsa ba ne.

Haka waɗanda suka shigo aji biyu kai tsaye da takardar NCE ko difloma ko IJMB. Sun tarar da ajin ya riga ya saba da juna, ga darussan aji ɗaya da wani lokaci ake cewa sai sun ɗauka. Haka matar aure da ta haihu ana tsakiyar zango, ba ta san cewa akwai hanyar neman a jingine mata zangon a hukumance ba, sai kawai ta daina zuwa, a rubuta mata faɗuwa a duk darussan.

Aikin da ya koma sa hannu

A bisa tsari, malamin da ke kula da aji shi ne zai duba darussan da ɗalibi ya zaɓa, ya tabbatar bai ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ba, ya bibiyi sakamakonsa, ya gargaɗe shi tun da wuri idan makinsa ya fara ƙasa. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sa ɗalibi ya ɗauki nauyin darussa tsakanin 15 zuwa 24 a kowane zango. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai zaɓi mai muhimmanci, musamman ga mai kari-oba.

A aikace, abin da ɗalibai da yawa suka sani shi ne layi a bakin ofis a makon ƙarshe na rijista. Malami ɗaya, ɗalibai ɗari biyu ko uku, kowa da takardarsa a hannu. Ana sa hannu ba tare da an ɗaga kai ba. Da rijista ta koma ta intanet, a wasu wuraren ma wannan ɗan haɗuwar ta ragu, ta zama danna maɓallin amincewa a kwamfuta.

Gurbin da malami ya bari ba ya zama babu kowa. Manyan ɗalibai da rukunonin WhatsApp ne ke cike shi. Wasu shawarwarinsu na da amfani, amma da yawa jita-jita ce: wane malami ba ya ba da maki, wane darasi ba a cinsa, aji ɗaya ba ya shiga lissafi. A haka ake samun ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe, ya yi bikin gama jarrabawa, abokai suka rubuta masa fatan alheri a farar riga, sannan aka gano akwai darasin dole na aji biyu da bai taɓa yi wa rijista ba. Sai sifil-oba, wato ƙarin shekara guda da kuɗin makaranta da na haya, abokansa kuma sun tafi bautar ƙasa.

Lissafin da ba a koya wa kowa

A mafi yawan jami'o'in Najeriya ana auna digiri da matsakaicin maki da ake kira CGPA, wanda ƙololuwarsa 5.00 ce. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa. Daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da jami'a ta gindaya, 1.00 a wasu wurare, 1.50 a wasu, za a saka shi a matakin gargaɗi, idan bai farfaɗo ba a sallame shi.

A ɗauki misalin ɗalibin da ke digirin shekara huɗu, wanda nauyin darussansa na kowace shekara daidai yake. Ya gama aji ɗaya da maki 2.00. Idan aka zaunar da shi a lokacin, lissafi zai nuna masa cewa har yanzu zai iya fita da daraja ta biyu ta sama, muddin ya riƙe matsakaicin 4.00 a shekaru ukun da suka rage. Aiki ne ja, amma mai yiwuwa.

Idan kuwa aka bar shi ya ci gaba a kan 2.00 har ƙarshen aji uku, ko da ya ci A a kowane darasi na shekarar ƙarshe, iyakarsa 2.75. Kafin ma ya tsallake daraja ta uku ya taɓa 2.40, sai ya samu 3.60 a shekarar, abin da bai taɓa kusantarsa ba. Shawarar da za ta sauya rayuwarsa a aji ɗaya ta zama ihu bayan hari a aji huɗu.

Wannan lissafi ba ya ɗaukar minti goma. Amma ɗalibai nawa ne aka taɓa yi wa shi a takarda? Da yawa ba su san cewa faɗuwa darasi mai nauyi uku ta fi faɗuwa mai nauyi ɗaya illa har ninki uku ba. Ba su san cewa tara kari-oba a kan cikakken nauyin sabon zango shi ke haifar da sabuwar faɗuwa ba. Ba su san akwai iyakar shekarun da aka yarda mutum ya yi ba, wadda galibi shekara shida ce ga digirin shekara huɗu.

Ƙarin shekara ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da yajin aiki ya riga ya cinye lokaci. Na Ƙungiyar ASUU na 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Kamfanoni da bankuna da yawa suna saka iyakar shekaru da darajar digiri a tallan aiki. Yanzu kuma ga bashin karatu na asusun NELFUND da aka fara a 2024, wanda bashi ne da za a biya. Ɗalibin da ya ci bashi sannan aka sallame shi ya yi asara biyu.

Abin da kalma ke yi

Shawara ba ta tsaya ga lambobi ba. Yadda aka faɗi magana ga wanda ya faɗi jarrabawa shi ke zama fassarar da zai yi wa faɗuwar.

Malamin da ya dubi sakamako ya ce, "Kai dama wa ya ce ka zo kimiyya?" ya yanke wa yaron hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa. Malamin da ya dubi wannan sakamakon ya ce, "Lissafi ne ke ja maka baya, sauran darussan ka yi ƙoƙari, ga abin da za a yi," ya nuna masa matsala ce mai iyaka kuma mai magani. Na farko zai fita yana ɓoye takardarsa, na biyu zai fita yana neman wanda zai koya masa lissafi.

Bincike ya goyi bayan haka. Tun a 1975 masanin zamantakewa Vincent Tinto na Amurka ya bayyana cewa barin jami'a na da alaƙa mai ƙarfi da yadda ɗalibi ya samu shiga cikin rayuwar karatu da ta zamantakewar makarantar, ciki har da cuɗanyarsa da malamai. A 2011 kuma Gregory Walton da Geoffrey Cohen suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun nuna wa wasu sababbin ɗalibai bayanan manyan ɗalibai da ke cewa jin baƙunta da shakkar kai a shekarar farko abu ne da kusan kowa ke fuskanta, kuma yana wucewa. Zaman bai wuce kimanin awa ɗaya ba, amma cikin shekara uku tazarar maki tsakanin baƙaƙen fatar da suka shiga gwajin da takwarorinsu farare ta ragu da kusan rabi.

Darasin a fili yake. Ɗalibin da ke shakkar ko wurin nasa ne yana ɗaukar kowane tuntuɓe a matsayin hujja a kansa. Idan wani da yake girmamawa ya gaya masa cewa tuntuɓen nan kowa ya yi shi, sai ya tashi ya ci gaba.

Inda aka gwada aka gani

Jami'ar Jihar Jojiya da ke birnin Atlanta a Amurka tana ɗaukar ɗalibai masu yawa daga gidajen marasa ƙarfi. A 2012 ta fara wani tsari da ke bibiyar bayanan kowane ɗalibi a kullum, yana neman alamun haɗari sama da 800, kamar yin rijistar darasin da bai dace ba, ko samun maki mai rauni a darasin da shi ne tushen fannin. Da alama ta bayyana, sai mai ba da shawara ya nemi ɗalibin cikin 'yan kwanaki. Jami'ar ta ɗauki ƙarin masu ba da shawara fiye da 40 domin wannan aiki. Yawan masu kammala digiri, wanda yake wajen kashi 32 cikin 100 a 2003, ya haura kashi 50 daga baya, duk da cewa wasu matakan, kamar ƙananan tallafin kuɗi, su ma sun taimaka.

A birnin Niyok, jami'ar CUNY ta fara shirin ASAP a 2007 ga ɗaliban kwalejojinta na shekara biyu. An rage yawan ɗaliban da kowane mai ba da shawara ke riƙewa, aka wajabta ganawa a kai a kai, aka haɗa da tallafin littattafai da kuɗin mota. Binciken da cibiyar MDRC ta yi ya nuna kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke cikin shirin sun kammala cikin shekara uku, idan aka kwatanta da kashi 22 na waɗanda ba sa ciki.

Babu mai cewa jami'ar jiha da ke fama da biyan kuɗin wuta za ta kwafi waɗannan shirye-shirye yadda suke. Amma ginshiƙinsu bai fi ƙarfin kowa ba: a gano matsala da wuri, a nemi ɗalibi maimakon a jira shi, kuma a ba shi mutum ɗaya da ya san sunansa.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar zaure, malami ya san kowane almajirinsa. Shi ke cewa wane ya isa ya tashi daga Ahalari zuwa Ishmawi, wane kuma ya ƙara maimaitawa. Idan ya ga ɗalibi ya fi ƙarfi a nahawu, yakan tura shi wurin malamin da ya shahara a nahawu. A gareji da kasuwa ma haka ubangida ke lura da yaronsa har ya yaye shi. Al'ummar da ta san wannan tarbiyya bai kamata ta yarda ɗanta ya yi shekara huɗu a jami'a babu malami ko ɗaya da zai iya faɗin ƙarfinsa da rauninsa ba.

Uzurin malamai gaskiya ne

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan malamai. Ma'aunin NUC ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin fasaha da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 10 a likitanci. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya tabbatar da ƙarancin malamai da cunkoson ajujuwa a rahotonsa na 2012. Tun daga lokacin an ƙara buɗe jami'o'i, ƙwararru da dama kuma sun bar ƙasar neman albashi mai tsoka.

Malamin da ke koyar da darussa huɗu ko biyar, yana duba takardun jarrabawa ɗaruruwa, yana kula da masu rubuta kundin kammalawa, shi ne kuma ake ɗora wa kula da aji. Sau da yawa ƙaramin malami ne da shi ma yake fama da digirinsa na uku. Ba a horar da shi ba, ba a rage masa darasi ba. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, maƙalun da ya wallafa za a ƙirga. Awannin da ya ɓatar yana ceto ɗalibi daga kora ba su da gurbi a fom ɗin. Duk da haka akwai malaman da ke yin aikin tsakani da Allah, kuma tsofaffin ɗalibansu ba sa mantawa da su. Matsalar ita ce samun irinsu ya zama sa'a, alhali haƙƙi ne na kowane ɗalibi.

Akwai kuma haɗarin da dole a faɗa. Shawara iko ce, kuma ana iya amfani da ita ta mummunar hanya. A 1960 masani Burton Clark ya bayyana yadda wasu kwalejojin Amurka ke amfani da masu ba da shawara wajen sanyaya gwiwar ɗalibai cikin lalama, har su haƙura da burinsu su koma ƙaramin fanni. Irin wannan na iya faruwa a ko'ina: a ce wa mace injiniyanci ba na mata ba ne, ko a ce wa ɗan talaka ya nemi abin da ya fi sauƙi. Faɗa wa ɗalibi gaskiyar makinsa wajibi ne, amma yanke masa iyaka saboda jinsinsa ko gidan da ya fito zalunci ne.

Haɗari na biyu shi ne cin zarafi. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a 2019 kan neman lalata da ɗalibai a jami'o'in Legas da Gana ya nuna abin da ke iya faruwa a bayan rufaffiyar ƙofa. Duk tsarin da zai ƙara ganawa tsakanin malami da ɗaliba dole ya zo da kariya, in ba haka ba iyaye da mazaje za su hana, su ma ɗaliban za su guje shi.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, NUC ta saka ingancin bai wa ɗalibai shawara cikin abubuwan da take dubawa idan ta je tantance kwasa-kwasai. Kamar yadda ake ƙirga littattafan laburare da kayan ɗakin gwaji, a tambayi sashe: ɗalibai nawa kowane mai ba da shawara ke riƙewa, sau nawa suka gana, nawa aka sallama a shekara biyar da suka wuce, kuma a wane aji? Sabon tsarin manhajar CCMAS da aka ƙaddamar a Disamban 2022, wanda ya bar wa jami'o'i kashi 30 cikin 100 su tsara da kansu, ya ƙara yawan zaɓi, don haka ya ƙara buƙatar jagora.

Na biyu, majalisun jami'o'i su raba nauyin. Maimakon malami ɗaya ya riƙe aji guda na mutum ɗari uku, a raba ɗaliban sashe ga dukkan malamansa, har da farfesoshi, kowa ya bi rukuninsa daga aji ɗaya zuwa kammalawa. A saka aikin cikin ma'aunin ƙarin girma, tare da jin ra'ayin ɗaliban da aka kula da su. Asusun TETFund, da ke kashe kuɗi wajen horar da malamai, zai iya ware wani kaso domin koyar da wannan aiki.

Na uku, a wajabta ganawa cikin makonni shida na farkon aji ɗaya, da wata bayan fitar sakamakon zangon farko. Wannan ba zai yi amfani ba sai sakamako yana fita a kan lokaci. Jami'ar da ke sakin sakamakon zangon farko ana dab da jarrabawar zango na biyu ta riga ta kashe amfanin kowace shawara. Shafukan rijista da jami'o'i ke da su yanzu za su iya fitar da sunayen duk wanda makinsa ya sauka ƙasa da 2.00 ba tare da an sayi wata sabuwar manhaja ba.

Na huɗu, a bayyana ƙa'idar sauya sashe da ta jingine zango a fili, cikin harshe mai sauƙi, a kafe a allon sanarwa da shafin jami'a. A kuma sake duba yadda ake sanar da matakin gargaɗi. Manna sunaye a bango kowa na karantawa tozarci ne da ke sa ɗalibi ɓuya. Takarda ta sirri da ke gayyatarsa ganawa, tana nuna masa hanyar fita, ta fi kusa da manufar gargaɗin.

Na biyar, a yi ganawa a lokutan aiki, a wurin da ba a rufe ba, a bai wa ɗalibi damar neman a sauya masa mai ba da shawara ba tare da ya faɗi dalili ba, a kuma tanadi malamai mata ga ɗaliban da suka fi sakewa da su. A horar da zaɓaɓɓun ɗaliban aji uku da huɗu su taimaka wa sababbi, domin ɗalibi ya fi saurin buɗe cikinsa ga ɗan'uwansa.

Iyaye ma suna da rawar takawa. Tambayar "yaya karatu?" ba ta isa ba, domin amsarta kullum "Alhamdu lillahi" ce. A nemi ganin sakamako kowane zango, a tambayi sunan malamin da ke kula da ajin. A kuma daina yi wa yaro gorin kwas ɗin da bai samu ba. Ƙasar da ke ƙarancin malaman lissafi da kimiyya a sakandare, da masana ƙasar noma da na ruwa, ba ta da fannin da za a kira na banza.

Su kuwa ɗalibai, matambayi ba ya ɓata. Littafin ƙa'idojin sashe da ake rabawa a aji ɗaya ba na ajiya a ƙasan akwati ba ne. Wanda ya ga makinsa ya fara zamewa ya je ofis tun kafin a kira shi, ya tafi da sakamakonsa da tambayoyinsa a rubuce. Idan malami ɗaya bai saurare shi ba, akwai jami'in jarrabawa, akwai shugaban sashe, akwai sashen ba da shawara na ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Gwamnatoci suna alfahari da yawan jami'o'in da suka buɗe da yawan guraben da aka bayar. Ba a cika jin wanda ke faɗin adadin waɗanda suka shiga amma ba su fita da digiri ba, ko suka fita da takardar da su kansu ba su yarda da ita ba. Ya kamata kowace jami'a ta fara fitar da waɗannan alƙaluma duk shekara, sashe bayan sashe, domin a san inda ɗaki ke yoyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a jami'a ɗanyen iccen shi ne ɗan aji ɗaya da ke tsaye a bakin ofis da takardar rijista a hannu. Minti goma da malami zai ba shi a ranar ya fi duk wani jawabi da za a yi masa a bikin yaye ɗalibai.